Matashin Illela, in wayarka ta ɓata yau, me zai rage maka?

Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela ta cika ta batse. Ka fito daga kara, ka ratsa ta wajen 'yan canji, ka tsaya sayen ruwa. Sai ka sa hannu a aljihu ka ji wayam. Ka laluba ɗaya aljihun, nan ma babu. Ka karɓi wayar abokinka ka kira layinka, ta yi ƙara sau biyu, a kira na uku aka ce maka a kashe take.

Kuɗin wayar ne zai fara faɗo maka a rai. Amma kafin ka isa gida sauran za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Hoton sakamakonka na WAEC. Takardar JAMB. Lissafin bashin da kake bin wani abokin ciniki a Konni, wanda babu shi a rubuce ko'ina sai a saƙon murya na WhatsApp. Hotunan mahaifiyarka da ta rasu, waɗanda babu mai su sai kai. Ke kuma 'yar'uwa, hotunan atamfofi da turaren wutar da kike tallatawa, da lambobin kwastomomin da kika shekara biyu kina tarawa.

Waya dai ana sayen wata. Waɗannan fa? Yawancinmu in aka yi mana wannan tambayar sai mu ce, "Ai suna Google." To, da gaske suna can ɗin? In ma suna can, kana da makullin shiga? Abin da za mu duba yau ke nan.

Mene ne wannan rumbun na intanet?

Abin da ake kira kilawud ba wani gajimare ba ne a sararin sama. Manyan kwamfutoci ne na wani kamfani, jibge a wani gini, galibi a wata ƙasa, da aka ba ka aron ɗan wuri a ciki. Ka ɗauke shi kamar ɗan kasuwar da ya kama shago a Sakkwato yana ajiye kaya, shi kuma yana zaune Illela. Kayan nasa ne, amma ginin ba nasa ba ne. Kafin ya taɓa kayansa sai hanya ta biyu, sai yana riƙe da makulli, sai kuma mai ginin bai canza sharaɗi ba.

Kuma masu ginin suna canza sharaɗi. A da Google Photos na karɓar hotuna kyauta ba iyaka, amma daga 1 ga Yunin 2021 aka daina. Ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ba ta shiga lissafin wurin da Google ya ba ka a da, amma daga farkon 2024 ta fara shiga. Tun Disambar 2023 kuma Google ya fara aiki da dokar cewa asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, ana iya goge shi da duk abin da ke ciki. Akwai ma rumbunan da aka rufe ɗungurungum. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, mutanen da suka ajiye kayansu na halal a can suka wayi gari babu hanyar shiga. Kamfanin Amazon, duk girmansa, ya rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023.

Wannan ba ya nufin ka guji rumbun intanet. Yana nufin kar ya zama shi kaɗai ne wurin ajiyarka.

Madubi daban, rumbu daban

Nan ne mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba. Akwai bambanci tsakanin daidaita fayiloli tsakanin wayarka da intanet, da kuma yin ajiyar ko-ta-kwana.

Daidaitawa kamar madubi ce. Abin da ka yi a waya, shi za a yi a can. Ka ɗauki hoto, ya hau. Ka shiga manhajar Google Photos ka goge hoto don wayarka ta cika, to ka goge shi a can ma. Ƙaninka ya ɗauki wayar yana wasa ya share bidiyon bikin yayarku, madubin zai yi biyayya ya share. Ana barin abin da aka goge a kwandon shara na ɗan lokaci, a Google Drive kwana 30 ne, bayan nan ya tafi ke nan.

Ajiyar ko-ta-kwana kuwa kamar rumbun gero ce. Ka zuba, ka rufe, ka tafi. Ko gobara ta cinye buhun da ke ɗaka, na rumbu na nan. Kwafin da ka tura cikin filashi ka jefa a akwati bai san ma ka goge komai a waya ba.

Saboda haka in wayarka ta cika, kar ka bi hotuna kana gogewa ɗaya-ɗaya a cikin Google Photos. Akwai zaɓi na musamman na samar da sarari a waya, wanda ke cire kwafin da ke kan waya kawai, ya bar wanda ya riga ya hau intanet. Shi za ka nema.

Darasin zaman bakin iyaka

Mutumin Legas ko Abuja zai iya zaɓar rumbu ta hanyar duba wanda ya fi ba da wuri. Kai da ke Illela akwai abin da ya kamata ka fara dubawa kafin wannan, wato sabis.

Ba mu manta da watan Satumbar 2021 ba. An fara katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya gwamnatin Sakkwato ta sanar da katse su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar. Wanda takardunsa ke intanet kaɗai a irin wannan lokaci, daidai yake da wanda ba shi da su. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tafiyar hawainiya a Najeriya, har hada-hadar bankuna ta taɓu. Ko babu irin waɗannan manyan al'amura, ka san yadda sabis ke ɗaukewa a hanyar Gwadabawa ko a ƙauyukanmu, ga kuma rashin wuta da ke sa waya ta wuni a wurin mai caji.

Sai maganar data. Duk abin da ka ɗora a intanet, gwargwadon nauyinsa yake cin data. Bidiyon 5GB zai cinye 5GB wajen hawa, ya sake cinye wani 5GB ɗin ranar da za ka sauke shi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Don haka wurin da aka ce maka kyauta ne, hanyar zuwa can ba kyauta ba ce.

Makullin rumbunka layinka ne

Wannan shi ne babban abin da nake so ka tafi da shi. A nan Illela ba abin mamaki ba ne ka ga matashi da layi biyu ko uku: MTN ko Airtel na Najeriya mai +234, da Airtel ko Moov ko Zamani na Nijar mai +227. Wani da layin Nijar ya buɗe WhatsApp, da na Najeriya ya buɗe Gmail, Facebook kuwa da wani tsohon layi ne da ya manta inda ya jefar.

Ranar da waya ta ɓata, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai ce zai turo maka lambar tantancewa zuwa layin da ka yi rajista da shi. In layin na hannunka, magana ta ƙare. In babu shi, ka shiga uku.

Ka tambayi kanka yanzu: layin nan da sunan wa aka yi masa rajista? Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a Najeriya, kuma an rufe layuka da dama saboda rashin yin hakan. In layinka da NIN ɗin yayanka ko na wani mai sayar da layi aka haɗa shi, ranar da za ka je walkam-bak ba kai za su saurara ba. Layin Nijar kuma, dawo da shi sai a ofishin kamfanin a can. Ka tuna an rufe iyakar nan a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe Illela, an kuma sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sai a Maris 2024 Najeriya ta sanar da buɗewa. Konni tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur, amma mun ga lokutan da ta yi nisa.

Akwai kuma wani haɗarin. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani. Wannan sabon mai layin shi ne zai riƙa karɓar lambobin tantancewarka. Ɗalibai su fi kowa kula da wannan, domin rajistar JAMB a ɗaure take da layin da ka yi amfani da shi wajen neman lambar rajista.

Sai matsalar da kusan kowa ke da ita amma ba a faɗa. Ranar da ka sayi Tecno ko Itel ɗinka, mai shago ne ya buɗe maka Gmail. Shi ya zaɓi suna, shi ya sa kalmar sirri, wataƙila ma lambarsa ya saka. Kai dai ka ga Play Store na aiki, ka yi godiya ka tafi. To yau hotunanka na hawa wani rumbu da ba ka san makullinsa ba. Kuma in aka yi wa wayar Android wankin ƙwaƙwalwa ba tare da an cire asusun ba, za ta nemi wannan Gmail ɗin kafin ta buɗe.

Su wa ke kasuwar?

Ga manyan zaɓuɓɓukan da abin da ya kamata ka sani game da kowanne.

Google Drive da Google Photos: 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos da ajiyar WhatsApp duk a kwano ɗaya suke ci. In ya cika, saƙon imel zai daina shigowa, ciki har da na makaranta ko na neman aiki da kake jira. Amfaninsa shi ne ya riga ya zo a cikin wayarka.

OneDrive na Microsoft da iCloud na masu iPhone: 5GB kyauta kowanne. Dropbox: 2GB. Ba su da yawa, amma sun ishi takardu.

MEGA yana ba da 20GB kyauta. Proton Drive na ƙasar Suwizalan yana ba da ƙasa da haka. Su biyun suna kulle fayilolinka ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Sai dai hakan na da nasa nauyin: in ka manta kalmar sirri, ka kuma yar da makullin ceto da suka ba ka, babu wanda zai iya buɗe maka kayan, ko su kansu.

Telegram: matasa da yawa sun mai da wurin tura wa kai saƙo rumbunsu, tunda yana karɓar fayil mai nauyi har 2GB. Yana da amfani ga darussa da littattafai. Amma ka sani cewa asusun a ɗaure yake da layin waya, yana goge kansa in ka daɗe ba ka shiga ba, kuma abin da ka ajiye a wurin ba ya da irin kullen da MEGA ke yi.

TeraBox da ire-irensa masu tallar 1TB kyauta: talla ce ke biyan kuɗin, za ka sha ta. Ka zuba finafinai da waƙoƙi in kana so, amma ban ba ka shawarar kai hoton katin NIN ɗinka can ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

WhatsApp da Facebook ba rumbu ba ne. WhatsApp ba ya riƙe saƙonninka bayan sun isa. In ba ka kunna ajiya zuwa Google Drive ba, hirarrakinka sun tafi tare da wayar. Dawo da su kuma sai da layin nan da Gmail ɗin nan da aka yi ajiyar da su. Sannan duka biyun suna rage ingancin hoto, shi ya sa sakamakon jarrabawa da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu yake komawa dishi-dishi.

Akwai kuma hanyoyin da ba sa buƙatar intanet ko kaɗan. Xender da ka saba da shi, da Quick Share da ke cikin wayoyin Android, suna tura kaya daga waya zuwa waya ba tare da cin data ba. Ga katin memori, ga filashi mai bakin da ke shiga waya kai tsaye. Masu laftof da ke son zurfafawa su duba Syncthing, manhajar kyauta da ke daidaita fayiloli tsakanin na'urorinka kai tsaye, ba tare da an ajiye su a kwamfutar wani kamfani ba. Ka dai tuna ita ma madubi ce.

Gargaɗi kan memori: jabu sun yi yawa a kasuwa. Za ka ga an rubuta 64GB, waya ma ta nuna haka, amma da ka zuba kaya masu yawa sai su ƙi buɗewa. Kafin ka amince da sabon kati, cika shi da bidiyoyi, ka cire, ka mayar, ka gwada buɗe na farko da na ƙarshe.

Raba kayanka kashi uku

Ɗan kasuwa ba ya ajiye kuɗi da albasa a wuri ɗaya. Kai ma ka ware.

Kashi na farko, takardun da rayuwarka ta rataya a kansu: NIN, takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC ko NECO, takardar shiga jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wata makarantar, rasit ɗin babur, lissafin bashi. Duka-duka ba za su kai nauyin bidiyo ɗaya na biki ba. Waɗannan su zauna wuri uku: a waya, a intanet, da kuma filashi ko memori da ke gida. Masana harkar na kiran wannan tsari 3-2-1, wato kwafi uku, a nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. A Google Drive akwai zaɓin da ke sa fayil ya buɗe ko babu sabis. Kunna shi a kan waɗannan takardun.

Kashi na biyu, abin tunawa: hotunan iyaye, na suna, na Sallah. Zaɓi waɗanda suka fi daraja ka ɗora a intanet, sauran da bidiyoyi masu nauyi ka kwashe su zuwa filashi duk wata.

Kashi na uku, abin da za ka iya sake samu: finafinan Kannywood, waƙoƙi, bidiyon barkwanci da aka turo a guruf. Kar ka ɓata data da wuri a kansu. Shiga saitin ajiyar WhatsApp ka kashe haɗawa da bidiyo, ka ga yadda nauyin zai ragu.

Akwai kashi na huɗu da ba na son tsallakewa: hoto ko bidiyon da in ya fita zai zubar maka da mutunci. Mun sha ganin yadda irin wannan ke tarwatsa rayuwar mutane, musamman 'yan mata. Madubin nan ba ya tambaya, komai kika ɗauka hawa yake yi. In Gmail ɗinki na buɗe a tsohuwar wayar da kika sayar ko kika ba ƙanwarki, mai riƙe da ita na iya ganin hotunan da kike ɗauka yau. Mafi tsaro shi ne kar a ɗauka tun farko. Kafin a sayar da waya a cire asusu, a goge komai. Kafin a kai gyara a cire layi da memori.

Aikin daren yau

Ba sai ka sayi komai ba tukuna. Minti talatin sun isa.

Na ɗaya, gano sunan Gmail ɗin da ke wayarka, ka gwada shiga da shi a burauza. In ba ka san kalmar sirrin ba, canza ta yanzu da wayar ke hannunka, don yanzu ne yake da sauƙi.

Na biyu, duba lambar waya da imel na ceto da ke cikin asusun. In ba naka ba ne, cire su. Sa layin da ke da rajista da sunanka, wanda kake amfani da shi kullum.

Na uku, kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ka karɓi lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa. Kowace ɗaya na buɗe asusun sau ɗaya ko da layinka ya ɓata. Rubuta su da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Kar ka ɗauke su hoto ka bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta.

Na huɗu, a WhatsApp ka sa lambar sirri mai alƙaluma shida, ka kunna ajiya. In za ka daina amfani da wani layi, ka yi amfani da zaɓin canza lamba kafin ka jefar da shi.

Na biyar, ka yi gwaji. Ari wayar wanda ka amince da shi, ka ajiye taka a gefe, ka ga ko za ka iya fito da sakamakon jarrabawarka. In ka gama ka fita daga asusun. In ka kasa shiga, to ka gano ramin tun kafin ka faɗa.

In ka yi waɗannan, ranar da aka zare maka waya a kasuwa za ka ji zafin kuɗinta, wannan babu makawa. Amma za ka je ka dawo da layinka, ka buɗe akwati ka ɗauko 'yar takardar nan, ka tarar da hoton mahaifiyarka da lissafin bashinka na Konni suna nan yadda ka bar su.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu.